Idan Keke Ya Lalace a Ƙasar Waje: Yadda Za Ka Rage Kwanakin Jiran Gyara

Mai fita da keke daga Gombe ko Bauchi zuwa ƙetare, hanyoyinsa sanannu ne. Ko dai ya bi ta Kumo, Billiri, Kaltungo da Numan zuwa Yola, ya faɗa Kamaru ya nufi Garwa, ko kuma ya bi ta Ningi zuwa Kano, ya wuce Daura da Kongolam, ya shiga Nijar ya nufi Damagaram. A duk hanyoyin nan faci ba ya tsayar da mutum, domin da wuya ka wuce gari biyu a bakin titi ba ka ga mai sholisho da famfo ba. Abin da ke zaunar da matafiyi mako guda a garin da bai san kowa ba, sau da yawa ɗan ƙarfe ne da bai kai tsawon yatsa ba, wanda babu irinsa a kasuwar garin. Yawan kwanakin da za ka yi kana jira kuwa, abin da ka yi a ranar farko ne ke yanke shi.

Sa'ar farko: sauka, ka gano ainihin ciwon

Da ka ji ƙarar da ba ka saba ji ba, ko ƙafar baya ta fara lilo, ko feda ta yi maka sako-sako, ka sauka nan take. Yawancin manyan ɓarna ƙanana ne da aka ci gaba da takawa a kansu. Sifok, wato siririyar wayar ƙafar keke, ɗaya da ya tsinke, in aka ƙara kilomita talatin a kansa da kaya, sai ya ja na kusa da shi su bi. Hannun feda da notinsa ya kwance, in aka ci gaba da murzawa, ramin nan mai kusurwa huɗu zai cinye ya koma zagaye, daga nan kuma babu ɗaurin da zai riƙe shi.

Ka sauke jakunkuna, ka kifa keken ko ka rataye shi a reshe. Ka juya kowace ƙafa kana kallon ratar da ke tsakanin rim da robar birki. Ka kama taya ka girgiza ta hagu da dama, in ka ji ƙwas-ƙwas to boris ne ko aksil. Ka matsa sifok bibbiyu da yatsu har ka zagaye. Ka goge ƙura ka duba duk inda aka haɗa bututun firam, musamman kusa da inda aksil ɗin baya ke zama da inda kariya, wato mazaunin kaya, ke ɗaure, domin tsaga takan fara ne kamar zanen gashi a cikin fenti. Ka tsaya daga baya ka kalli na'urar canza giya: ya kamata ƙananan gargarorinta biyu su sauko a miƙe ƙarƙashin farantin da sarƙa take kai. In sun karkata wajen sifok, kunnen da take rataye a jiki ya lanƙwashe.

Kada ka tsaya kan abin da ya karye kawai, ka tambayi kanka me ya karya shi. In ka sa sabon tiyub alhali ƙyallen da ke rufe kawunan sifok a cikin rim ya zame, za ka sake faci kafin la'asar.

Lamba ita ce sunan kaya

A kasuwar kayan keke, suna yana ruɗarwa. "Taya mai lamba 28" iri biyu ce, kuma ɗaya ba ta shiga rim ɗin ɗaya. Ta tsohon baƙin keke irin su Raleigh da Phoenix, wadda aka rubuta wa 28 x 1½, faɗin bakinta milimita 635 ne. Ta kekunan tafiya na zamani, wadda ake rubuta wa 700C ko 29, milimita 622 ce. Haka ma 26: ta keken hawan dutse 559 ce, amma 26 x 1⅜ 590 ce. Ita kuwa 27.5 lambarta 584. Ka duba gefen tayarka, za ka ga lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 50-559. Na farko kauri, na biyu shi ne wanda dole ya zo daidai. Shi za ka riƙa nema, ka bar maganar inci.

Sarƙa ma haka. Ta keke mai giya ɗaya faffaɗa ce, ba ta wucewa tsakanin farantan keke mai giya. Sarƙar giya 6, 7 da 8 ɗaya ce, kuma ita aka fi samu a garuruwa. Daga 9 zuwa sama kowace da tata, tana ƙara sirancewa. A jikin gammon tsakiya, wato inda hannayen feda ke juyawa, za ka ga rubutu irin 68 x 113 ko 68 x 122.5. Ƙwallayen boris na baya yawanci ¼ inci ne, tara a kowane gefe. Na gaba 3/16, goma a kowane gefe. Ka rubuta duk waɗannan a takarda, ka ɗauki hotonsu, kuma in za ka shiga kasuwa ka tafi da abin da ya karye a hannunka. A Damagaram da Maraɗi Hausa za ta isar maka. A Garwa da Ngaundare Fulatanci da Faransanci sun fi yawa ko da yake ba a rasa mai jin Hausa a kasuwa, amma ƙarfen da ka ɗora wa mutum a tafin hannu ba ya buƙatar tafinta.

Ranar farko: buɗe hanya uku lokaci guda

Kuskuren da ya fi cin kwanaki shi ne bin hanyoyin gyara ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya yi kwana uku yana jiran mai gyaran da ya ce za a kawo, sai da abin ya faskara ya fara yawon kasuwa, sai da wannan ma ya ƙi sannan ya kira gida. Ka fara dukkansu a rana ɗaya. Ka sa hannu a gyaran wucin gadi da zai iya kai ka babban gari na gaba. Ka baza neman kayan a garin da kake da kasuwannin kewaye, har da wurin masu sayar da kekunan gwanjo, waɗanda sukan fasa keke su sayar da sassansa. Ka kuma kira wanda ka bari a gida ya fara nema a ranar. In biyu suka samu a lokaci guda, ka yi asarar kuɗin kaya ɗaya, wanda da wuya ya kai kuɗin masauki da abinci na kwana uku.

A daren nan kuma ka sa wa kanka wa'adi. Ka ƙirga kuɗin da ke hannunka, ka ware na motar da za ta mayar da kai da keken bakin iyaka, ka ware na gyara, abin da ya rage ka raba shi da abin da kake kashewa a rana. Misali, in sefa 48,000 ta rage kuma kana kashe 6,000 kullum, kwana takwas gare ka. Ka duba hatimin da aka buga maka a fasfo ka ga ranar da izininka zai ƙare. Wanda ya fi kusa cikin biyun, ka rage masa kwana biyu, wannan ita ce ranar da za ka daina jira ka ɗora keken a mota. Ka rubuta ta. Mutumin da bai sa rana ba, kowace safiya sai ya ga kamar gobe ce.

Gyaran da zai kai ka gari na gaba

Taya da ta yage a gefe ita ce mafi sauƙi. Ka yanko wani yanki daga tsohuwar taya, ka cire wayar bakinta, ya ɗara yagar da kamar santimita uku ta kowane ɓangare, ka shimfiɗa shi daga ciki tsakanin taya da tiyub. In babu, buhun leda da aka ninka huɗu yana yi. In yagar ta kai tsawon yatsa, ka kai wa mai gyaran takalmi ya ɗinke ta da zarensa kafin ka sa yankin. Ka mayar da wannan tayar gaba, mai lafiyar ta koma baya inda nauyi yake, ka rage iska kaɗan, kuma ka sassauta gudu a gangara. Tiyub yana da haƙuri: na 26 yana miƙewa ya shiga 27.5, kuma wanda ya yi girma ana iya cusa wani sashensa cikin kansa ya zauna. Matsalar ita ce bawul. In rim ɗinka na siririn bawul ne mai ramin milimita 6.5, bawul irin na mota da na tsohon baƙin keke ba za su shiga ba sai an faɗaɗa ramin zuwa 8.5. A faffaɗan rim wannan ba ya cutarwa, sai dai a goge bakin ramin da zarto don kada ya yanka tiyub. A siririn rim kada a yi.

Sifok ya fi son tsinkewa a ƙafar baya, ta gefen sarƙa, a daidai gwiwarsa, kuma nan ne farantan giya suka tare ramin da yake shiga. In ƙafar mai sifok 36 ce, ɗaya ya tsinke, ka naɗe shi a jikin maƙwabcinsa, ka sassauta biyun da ke gefensa rabin juyi rabin juyi har rim ya daina gogar birki. Wannan zai kai ka gari. A garin kuma, in ba a sami tsawon naka ba, ga dabarar da ke ceton mutane: ka sayi sifok na baƙin keke, wanda ya fi naka tsawo, tare da notinsa. Ka yanke kansa mai ƙulu, ka bar ɓangaren zare. Ka auna shi da wanda ya tsinke, ka lanƙwasa ƙarshen da filaya sau biyu ya zama kamar harafin Z. Wannan lanƙwasar tana shiga ramin ta maƙale ba tare da an cire farantan giya ba. Ka ɗaure shi a hankali, kana kaɗa shi da farce kana kwatanta sautinsa da na maƙwabtansa na gefe ɗaya, har su yi kusa. Amma in sifok uku suka tsinke cikin 'yan kwanaki, sauran ma sun gaji, a sake ɗinka ƙafar gaba ɗaya.

In rim ne ya tsage, wanda yakan faru idan robar birki da yashi sun cinye gefensa, babu walda babu ɗauri, sai sabo. Ka nemi mai yawan ramuka daidai da naka, mai zurfi iri ɗaya, don tsofaffin sifok su kai. Ka jera sabon a jikin tsohon, ramin bawul daidai da ramin bawul, ka ɗaure su da salatif wuri uku. Ka sassauta duk sifok juyi biyu ko uku, sannan ka riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya daga tsohon zuwa ramin da ke kusa da shi a sabon. Ta haka saƙar ba ta rikicewa. Miƙar da ƙafar bayan nan aikin haƙuri ne, kuma a nan tsofaffin masu gyaran keke na ƙasashen nan gwanaye ne, ka bar musu.

Kunnen da na'urar canza giya ke rataye a jiki shi ne babban mai zaunar da matafiya. An yi shi da alminiyam mai laushi da gangan, don in keke ya faɗi shi ya karye firam ya tsira, kuma siffofinsa sun kai ɗaruruwa, kusan kowane kamfani da nasa. In lanƙwasa ce kawai, ka kwance na'urar, ka kama kunnen da sifana mai daidaitawa, ƙafar baya tana ɗaure a wurinta, ka miƙar da shi a hankali. Sau ɗaya yake yarda, a karo na biyu yakan tsage. In ya karye, ka adana gutsattsarin duka, domin mai injin sassaƙa ƙarfe a babban gari zai iya kwaikwayonsa daga falle mai kauri ɗaya. Ka gaya masa zaren ramin M10 x 1 ne, mai laushi. Zaren noti na milimita 10 da aka saba da shi 1.5 ne, kuma in ya yanka wannan kusar na'urarka ba za ta shiga ba. Kafin a gama wannan, kana iya mayar da keken mai giya ɗaya: ka cire na'urar, ka ɗora sarƙa a farantin tsakiya na gaba da wani na tsakiya a baya inda ta fi miƙewa, ka rage tsawonta. Ka gwada faranti biyu ko uku har ka sami wanda sarƙar ba ta yi ɗamau ba kuma ba ta zube ba. Haɗarin shi ne ta haura babban farantin da ke kusa ta ɗaure tamau har ta lanƙwasa aksil, saboda haka ka taka a sannu.

Wani lokaci kana murza feda ƙafar ba ta tafiya. Ƙananan haƙoran cikin firiwil, wato abin da ke ɗauke da farantan giya na baya, ne suka maƙale da ƙura da busasshen giris. Ka kwantar da ƙafar, ka ɗiga kananzir ta ratar kana juyawa baya har ka ji ƙas-ƙas ɗinsa ya dawo, sannan ka bi da man inji kaɗan. In ya mutu ɗungurungum, ka san wane iri ne naka. Firiwil mai zare ana murɗa shi ne a jikin cibiyar ƙafa, kuma ana samunsa kusan ko'ina. Kaset kuwa farantai ne da ake zurawa a kan wani gammo a kulle da zobe, kuma gammon nan da wuya a same shi a ƙaramin gari. Mafita mafi sauri ita ce sayen ƙafar baya sukutum ta gwanjo, mai lambar taya irin taka da faɗin aksil irin na firam ɗinka, wanda a yawancin kekunan tafiya milimita 135 ne. In makunnin giyarka na 8 ne, zai yi aiki da firiwil mai 7 ba laifi. In na 9 ne lissafin ba zai zo daidai ba, sai ka sayi ɗan makunni mai sauƙi marar ƙas-ƙas, wanda kake daidaitawa da hannu. Ko ta yaya, ka sake saita kusoshin nan biyu na jikin na'urar canza giya masu alamar H da L don kada sarƙa ta faɗa cikin sifok. Mai birkin faifai ya lura: ƙafar da ba ta da mazaunin faifai za ta bar shi babu birkin baya, kuma da kaya a kan keke, gangara irin ta tsaunin da ke tsakanin Ngaundare da Garwa ba wurin gwaji ba ce.

Sai walda. Firam na ƙarfe ana gyara shi, amma ka zaɓi mai waldar gas da ke aiki da sandar tagulla, irin masu gyaran lagireto da salansa. Bututun keken tafiya mai kyau kaurin bangonsa bai kai milimita ɗaya ba, kuma waldar lantarki irin ta ƙofa da taga huda shi take yi cikin ƙiftawar ido. A kankare fenti, a cire wayoyi da duk wata roba da boris da ke kusa, a naɗa wani yankin ƙarfe a kan tsagar a like shi kewaye. Firam na alminiyam da ya tsage, da fok, wato abin da ke riƙe ƙafar gaba, da ya tsage ko na wane ƙarfe ne, ba mu ba da shawarar a hau su bayan waldar bakin hanya ba. Alminiyam yana rasa ƙarfinsa a inda wuta ta taɓa, kuma fok in ya karye fuska ce ke fara isa ƙasa.

Gargaɗi ɗaya ga mai birkin ruwa: na kamfanin Shimano man ma'adinai yake sha, man birkin mota da babur kuma wani abu ne daban da ke kumbura robobinsa. Mai gyaran babur zai miƙo maka shi da kyakkyawar niyya. Ka ƙi.

Zama da mai gyara

Ka yi sallama, ka gaisa sosai, ka zauna a bencinsa. Kada ka bar keke ka tafi yawo. Mutumin nan ya ƙware a kan kekunan da yake gani kullum, kuma kayan aikinsa guduma ce da kurfi da sifana. Da su yake cire firiwil, kuma da su zai tunkari zoben kaset ɗinka in ba ka miƙa masa makullinsa ba. Ka tuna masa da ladabi cewa fedar hagu da kofin gammon tsakiya na gefen sarƙa zarensu a juye yake, domin nan ne ake yawan cinye zare.

In ya ce za a kawo kayan gobe, ka nemi bayanin da za ka iya bi. "Malam, daga wane gari za a kawo? Wa zai kawo, kuma wace mota? In ba damuwa a kira shi yanzu mu ji ko ya gani da idonsa." In amsar ta fito da suna da gari da rana, to akwai magana. In ta tsaya a kan in Allah ya yarda kawai, mutumin yana jin nauyin ce maka babu ne, sai ka gode masa ka ƙarfafa sauran hanyoyinka. Ku yanke kuɗin aiki kafin a taɓa keken, ka ba da kuɗin kaya kawai a matsayin kafin alƙalami, na aiki sai an gama. Ka karɓi tsofaffin sassan. In dole keken ya kwana a wurinsa, ka cire fitila da famfo da jakunkuna, ka ɗauki hoton keken da lambar da ke ƙarƙashin firam. Ka kuma sa Juma'a da Lahadi da ranar kasuwar garin a lissafinka, domin kowace tana iya cin yini.

Aiko da kaya daga gida

Wanda zai saya maka a Gombe ko Bauchi, mai yiwuwa bai san keke ba. Ka aika masa hoton abin ta fuska biyu a kan farar takarda da ma'auni a gefensa, da lambar a rubuce. Ya kira ka ta bidiyo a WhatsApp yana cikin shagon, ka gani kafin ya biya. In ba a samu a gida ba kada ya ɓata kwana, ya sa a duba Kano. Ƙananan abubuwa irin kunne da sifok a sayi biyu ko fiye.

Saƙo ta tasha ya fi komai sauri a yankin nan, amma duk inda ya sauya hannu yana iya kwana. A ƙunshe shi a ƙaramin kwali da rasit a ciki saboda kwastan, a rubuta sunanka da lambar wayarka ta ƙasar da kake, wanda ke nufin ka sayi layin ƙasar tun ranar farko. A karɓi lambar direba da lambar mota a turo maka. In garin da kake bai wuce tafiyar yini ɗaya a mota daga iyaka ba, ya fi maka ka bar keken a masauki ka je ka tari saƙon da kanka a Yola ko Mubi ko Daura, da ka jira a nemi direba na biyu da zai tsallaka da shi. Ka tabbatar an buga maka fita da shiga yadda ya kamata. Odar kaya daga Turai ko Sin ta kamfanin aika saƙo kuwa, a manyan birane irin Duwala da Yawunde da Yamai take sauka, ga harajin kwastan, kuma lissafinta na makonni ne. Sai in babu wata hanya.

Takardu, kuɗi da masauki

Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan ƙasashenta kwana 90 ba biza. Kamaru da Cadi ba sa cikin ƙungiyar, Nijar kuma ta fice a watan Janairun 2025, saboda haka abin da jami'i ya rubuta a fasfonka shi ne abin dogaro. In ka ga jira zai kai ka kusa da ranar, ka je ofishin shige da fice tun da sauran kwanaki. Fasfo da katin rigakafin shawara su kasance a jikinka ko da kasuwa za ka, domin jandarma na iya tambaya.

Sefa iri biyu ce. Ta Nijar da Benin daban, ta Kamaru da Cadi daban. Darajarsu ɗaya, amma mai shago a Garwa ba zai karɓi takardar Damagaram ba. Kada ka dogara da katin bankin gida. Ka san tun wuri ta inda za a turo maka kuɗi: a Kamaru akwai MTN MoMo da Orange Money, a Nijar akwai Nita da Amana, kuma 'yan canji na garuruwan iyaka sun saba haɗa irin wannan.

In ka ga zaman zai wuce kwana biyu, ka nemi a yi maka farashin mako a masauki. In ka fi son zama cikin jama'a, ka tambayi sarkin Hausawa ko sarkin zango ko limamin unguwa, ka gabatar da kanka da takardunka. Wannan yana ba ka wanda zai tsaya maka in magana ta taso, kuma sau da yawa a nan ake jin labarin wane ne ke da tsohon keke irin naka a zaure. In an sauke ka a gida, ka riƙa sa hannu a cefane, kuma ka faɗa wa maigidan ranar da kake sa ran tashi.

Maganar sallah tana tasowa. A mazhabar Malikiyya, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari zai cika sallarsa. Wanda yake jiran wata buƙata, yana sa ran tashi da zarar ta biya ba tare da ya ƙulla niyyar kwana huɗun ba, yana ci gaba da ƙasaru. Ranar da aka tabbatar maka cewa saƙonka sai bayan mako, hukuncinka ya sauya.

Jiki kuma kada a bar shi ya kwanta. Ka riƙa tafiyar ƙasa ta kamar awa ɗaya safe ko yamma. Ka kwana cikin gidan sauro, ka kula da ruwan da kake sha, domin zazzaɓi ko gudawa a kwanakin jira sun fi karyewar ƙarfe tsawaita zama. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa da Damagaram yakan haura digiri 40, yawon kasuwa sai da safe. Sauran lokacin ka ba keken: wanke sarƙa, sa giris a boris, duba kusoshin kariya. Ka auna sarƙar ma. Gaɓa 12 cikakku, kowace ta ciki da ta waje a haɗe, na sabuwa inci 12 ne daidai, in ta ƙaru da 1/16 na inci ta isa canji, in ta kai ⅛ ta riga ta fara cin farantan.

Idan wa'adi ya cika

Ka ɗora keken a mota zuwa babban gari ko zuwa iyaka. Ka cire feda da ƙafar gaba, ka juya kan keken ya bi tsawon firam, ka kwance na'urar giya ka ɗaure ta a jikin firam da tsumma, ka cusa guntun katako tsakanin ƙafafun fok don kada a matse su. Ka tsaya a wurin lokacin lodi, gefen sarƙa ya kalli sama, kuma kada a ɗora buhu a kan ƙafafun. Wanda ke Ngaundare yana da jirgin ƙasa zuwa Yawunde, inda kasuwar kaya ta fi faɗi.

Yawancin wannan wahala ana rage ta tun daga gida. Keke mai firam na ƙarfe, taya 559, sifok 36, giya 7 ko 8 da birkin roba, kusan duk abin da ya lalace a jikinsa ana samunsa a hanya. A jaka kuma a sa kunne ɗaya na ajiya, sifok shida daidai tsawon naka, mahaɗin sarƙa biyu, abin yanke sarƙa, makullin kaset ko na firiwil, makullin sifok, wayar birki da ta giya ɗaiɗai, robar birki, tiyub biyu, makullai masu kusurwa shida na milimita 4, 5 da 6, da 'yan kusoshin M5 na kariya.

Kafin ka kama hanya

Kada ka karɓi keke da yamma ka tashi da asuba. Ka ɗora masa kayanka duka, ka zagaya gari kilomita 10 zuwa 15, ka bi ta kowace giya, ka taka da ƙarfi a tsaye, ka ja birki sosai sau da yawa. Ka dawo wurin mai gyaran a sake dubawa. Ƙafar da aka ɗinka sabuwa takan saki bayan tafiyar farko, saboda haka ka sake matsa sifok ɗinta bayan kamar kilomita 50, haka ma kusar hannun feda da duk inda aka yi walda. Ranar farko ka yi rabin nisan da ka saba, ka kuma zaɓi zangon da ke da mai gyara, domin in akwai abin da bai zauna ba, a ranar zai nuna.